Muryar da ta kuɓuce wa mai ita: nazarin rikicin wani zauren masu waƙar manhaja a Kumasi

Tushen lamarin

Manhajar rera waƙa ta daɗe. Kamfanin Yamaha na Japan ne ya ƙera Vocaloid, ta shiga kasuwa a 2004, amma ba ta yi tashe sosai ba sai ranar 31 ga Agusta 2007, da kamfanin Crypton Future Media na birnin Sapporo ya saki Hatsune Miku. Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Ana naɗar muryar mutum gaɓa-gaɓa a adana, sai mai kwamfuta ya rubuta kalmomi ya ɗora su a kan karin waƙa, manhajar ta harhaɗa gaɓoɓin ta rera. Muryar Miku ta wata 'yar wasan kwaikwayo ce mai suna Saki Fujita, kuma kamfani ne ya ɗauke ta aikin, da sanin kowa.

A 2008 aka fitar da UTAU, wadda ake saukewa kyauta, ita kuma ta buɗe ƙofa ga kowa: duk mai makirufo da haƙuri zai iya naɗar tasa muryar ya mayar da ita rumbu, ya raba wa duniya. Daga baya OpenUtau ta zo ta sauƙaƙa aikin. Al'adar masu wannan harka ita ce kowane rumbun murya a yi masa suna da zanen mutum-mutumi, a haɗa shi da takardar sharuɗɗa mai bayyana abin da mai muryar ya yarda a yi da ita da abin da ya hana. Yawancin faɗan da ake yi a zaurukansu, ko a Japan ko a Amurka, a kan abu uku yake: an cire sunan wanda ya yi wahala, an sake raba rumbu ba izini, ko an sa murya ta rera abin da mai ita ya hana.

Zauren da ake magana a kai na WhatsApp ne, mutanensa ba su kai hamsin ba. Mafi yawa matasan Zangon Kumasi ne a ƙasar Ghana, daga Aboabo da Asawase da Sawaba, wasu ɗalibai a jami'ar KNUST, wasu masu sana'ar hannu. Akwai 'yan Nima da Mamobi a Accra, da wasu kaɗan daga Kano da Damagaram. Kallon zanen fim na Japan ne ya haɗa su, waƙar manhaja ta riƙe su. Damuwarsu guda ce: ba su da rumbun da ke rera Hausa. Sukan tilasta wa muryar Japananci, tunda wasulanta biyar sun yi daidai da namu, amma ba ta iya rufe gaɓa da baƙi sai "n", kuma ba ta bambanta "l" da "r". In ka rubuta "malam", abin da za ka ji ya fi kusa da "maramu".

Mutum uku ne ginshiƙin labarin. Mai muryar budurwa ce mai koyon ɗinki a Aboabo, tun tana Islamiyya ita ke jan baki a waƙen maulidi. Mai saiti, wato mai daidaita sautukan rumbun, ɗalibin injiniya ne. Shugaban zauren kuwa mai gyaran waya ne a Adum.

Ƙarshen 2023: naɗar murya

An yi naɗar a wani ɗaki a Aboabo, da makirufo mai araha da barguna rataye a bango. Sai bayan isha'i ake farawa, in ƙarar pragya, wato keke mai ƙafa uku, ta lafa a titi, kuma sau da yawa ɗaukewar wuta kan katse aikin. Mai saiti ya rubuta jerin gaɓoɓi: kowane baƙi da wasula biyar, gajeru da dogaye, da "ai" da "au", sannan baƙaƙen rufe gaɓa irin na "kan" da "har" da "bas". Tsawon wasali ya fi komai ba shi wahala, domin karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, in aka gajarta abin da ya kamata a ja, baiti ya karye. Ta rera jerin duka a matakin murya uku, ƙasa da tsakiya da sama.

Naɗar ba ta wuce 'yan darare ba. Saitin ne ya ci kusan wata biyu. A UTAU akwai wani fayil mai suna oto.ini, inda ake ba kowane sauti lambobi biyar: inda zai fara, inda za a yanke shi, ɓangaren da ba a ja, yawan lokacin da baƙi zai riga bugun kiɗa, da yadda zai haɗe da sautin da ya gabace shi. Da hannu ake yi, ɗaya bayan ɗaya, ana saurare ana gyarawa. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane dalilin da mai saiti ke jin rumbun nasa ne ba.

Kafin a fara, ta gindaya sharaɗi uku da baki: ban da batsa, ban da siyasa, kuma kada sunanta ya fito. Mahaifinta ba ya son ta yi waƙa a bainar jama'a in ba ta yabon Annabi ba, ga shi kuma an riga an kai goron tambayarta. Mai saiti da shugaban zaure suka ce sun ji. A takardar da ta bi rumbun, abin da aka rubuta shi ne sunan mutum-mutumin, sunan mai saiti, da cewa kowa ya yi amfani da shi kyauta. Da wani ya tambaya me ya sa ba a rubuta sharuɗɗan ba, amsar da ya samu ita ce ai duk 'yan gida ne.

Watannin farko lafiya lau. UTAU tana ja da matse sauti, tana bar masa wani amo na ƙarfe, don haka ko ƙawayenta na shagon ɗinki da suka ji waƙoƙin ba su gane ta ba. Wannan amon shi ne mayafinta, kuma a kansa ta dogara ta yarda.

Farkon 2024: rigimar wace Hausa

Hausar Zango ba ta Kano ba ce, kowa ya san haka. Inda Bakano zai ce "kyau" da "gyara", mutanen nan sukan ce "cau" da "jara", kuma da yawa ba sa bambanta ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b. Mai saiti ya rubuta jerinsa bisa daidaitacciyar Hausa, ita kuwa ta furta yadda take magana a gida. Sai rumbun ya fito da muryar 'yar Aboabo tsantsa.

Wani ɗan zauren daga Kano ya ce wannan ba Hausa ba ce, ba zai iya sa waƙarsa a bakin da ba ya furta ƙ ba. Bai tsaya nan ba. Ya yanko farkon sautukan ƙ da ɗ da ɓ daga wata naɗar daban, ya liƙa su a kan wasulanta, ya sauya lambobin saitin, ya ɗora a intanet da sunan "gyararre". Sunan mai saiti bai fito a ciki ba.

Zauren ya dare biyu. 'Yan Kumasi suka ce kakanninsu sun fi shekara ɗari suna Hausa a ƙasar nan, tun fataucin goro ta Salaga, tun watsewar 'yan kasuwa bayan yaƙin basasar garin a 1892, ba wanda zai zo yau ya koya musu furuci. Suka kawo misalin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa a nan ƙasar har ya rasu a 1934. 'Yan Kano suka ce madalla, amma a tuna a Kano aka haife shi. Haka malamin ya zama hujjar ɓangarorin biyu a dare ɗaya, abin dariya in ba don zafin da ake ciki ba.

A gaskiya ƙorafi biyu ne suka cakuɗe. Mai saiti wahalarsa yake kuka, sauran kuma asalinsu suke karewa. Shugaban zaure ya ɗauke su abu ɗaya, ya sa ƙuri'a: a bar rumbun yadda yake, ko a karɓi gyararren. 'Yan Kumasi sun fi yawa, suka ci. Waɗanda suka faɗi suka ce an ƙirga kawuna ne, ba a duba hujja ba, kuma gyararren ya ci gaba da zama inda aka ɗora shi, tunda ƙuri'ar WhatsApp ba ta goge fayil.

A duk wannan ba wanda ya tambayi mai muryar ko ta yarda a liƙa mata sautin wani. Ita dai ta yi ta turo saƙonnin murya tana ba da haƙuri, tana cewa a bar maganar, kada a sa ta a bakin duniya. Saƙonnin suna da tsawo, kuma a ɗaki mai shiru take naɗarsu.

Bayan babbar sallah: samfurin ya fita

Tun 2023 wata fasaha ta bazu, ana ce mata RVC. Ba kamar UTAU take ba. Ba ta harhaɗa gaɓoɓi, koyon launin muryar mutum take yi ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, sannan duk wanda ya rera waƙa da bakinsa sai ta mayar da ita muryar wancan. Masu ita sun ce kusan minti goma na murya mai tsabta sun isa.

Wani yaro daga Sawaba, bai cika shekara ashirin ba, ya ga a nan maganin rigimar yake. Tunda furuci daga bakin mai rerawa zai fito, launin murya kawai za a aro, to Bakano ya rera da ƙ ɗinsa, ɗan Zango ya rera da nasa, kowa ya samu muryar da yake so. Ya tattara sautukan rumbun, ya haɗa da saƙonnin muryar da ta turo lokacin rigima, da wata ƙasidar maulidi da ta taɓa sakawa a zauren, ya horar da samfuri, wato kwafin muryarta na RVC. Ya turo shi da murnarsa, yana cewa ga sulhu.

An yaba masa, kwana biyu ana ta gwaji. Abin da ba a lura da shi ba, ko aka lura aka yi shiru, shi ne amon ƙarfen nan ya tafi. Numfashinta ya dawo, yadda take karya murya a ƙarshen baiti ya dawo. Duk wanda ya taɓa jin ta a maulidi zai gane ta. Ta rubuta ta ce a goge. Yaron ya goge daga zauren, amma mutane da dama sun riga sun sauke.

Cikin 'yan makonni abu biyu suka faru. Wani a Accra ya yi waƙar soyayya mai kalaman da ba a faɗa gaban manya, ya ɗora a TikTok. Bayan haka, da kakar zaɓen Ghana na 7 ga Disamba 2024 ta fara zafi, wani ɗan zauren a Kumasi ya yi wa masu tallan wani ɗan takara gajeriyar waƙa, aka biya shi 'yan ɗaruruwan sidi ta MoMo, hanyar tura kuɗi ta waya. Ita wannan ba ta tsaya a waya ba, mota mai lasifika ce ta riƙa yawo da ita a unguwa.

Goggonta ce ta fara ji, a kasuwa. Kafin magariba magana ta kai gida, kafin mako ya zagayo ta kai gidan saurayin, tare da waƙar soyayyar da wani ya tura musu. Suka aiko a dakata da maganar sa rana.

Abin da aka gwada bai ci ba

Matakin farko na shugaban zaure shi ne kora. Ya cire yaron Sawaba, da mai waƙar Accra, da mai waƙar siyasa. Korar ta huce wa wasu zuciya, amma ta yanke hanya ɗaya tilo da ake da ita ta yi musu magana. Biyu daga cikinsu suka buɗe nasu zauren, suka tafi da samfurin.

Na biyu tonon silili. Masu kishinta suka ɗauki hotunan hirarrakin zauren suka baza a Facebook don su kunyata masu laifin. A ɗaya daga cikin hotunan sunanta da lambar wayarta sun fito ɓaro-ɓaro. Sharaɗinta na uku, wanda ya rage ba a karya ba, masoyanta ne suka karya shi.

Na uku kai ƙara ga dandalin. Tun 2023 ƙa'idojin TikTok sun hana kwaikwayon wanda ba fitaccen mutum ba ta wannan fasaha, kuma an sauke wasu bidiyoyin. Sai dai waƙar ta riga ta koma WhatsApp, inda take tafiya daga waya zuwa waya, kuma duk wanda ya ga dama zai sake ɗora ta da sabon suna.

Na huɗu barazanar shari'a. Wani ɗalibin lauya a zauren ya lissafo dokoki: ta haƙƙin mallaka ta 2005, lamba 690, wadda ta ba mai rera waƙa kariya a kan naɗar muryarsa, ta kare bayanan mutum ta 2012, lamba 843, da ta tsaron intanet ta 2020, lamba 1038. Amma takardar rumbun cewa ta yi kowa ya yi amfani da shi kyauta, sharuɗɗanta kuwa ba a rubuce suke ba. Ga kuɗin lauya, ga kuma abin da iyalinta suka fi gudu: sunan 'yarsu a ofishin 'yan sanda a kan waƙar batsa. Mahaifinta ya ce ba da shi ba.

A zauren kuwa muhawara ta koma wani wuri. Wasu suka ce duk abin da ya shafi ƙirƙirarriyar basira sata ne, a haramta shi. Wasu suka tuna musu cewa Synthesizer V na kamfanin Dreamtonics da Vocaloid 6 da ta fito a 2022 dukkansu da ita suke aiki, kuma har Kasane Teto, wadda ta yi suna a UTAU tun 2008, ta koma Synthesizer V a 2023 ana ta murna. An kwana uku ana wannan, ita kuma tana gida ba ta zuwa shago.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne rantsuwarta ba ta karɓu ba. Ta rantse ba ta rera waƙoƙin ba. Suka ce muryar wa ce? Ta ce tata. A kunnen goggo, amsoshin biyu ba sa zama wuri ɗaya.

Kafin zaɓe da 'yan makonni: zaman gidan kawu

Kawunta, tsohon malamin makaranta, shi ya karɓi maganar. Bai san UTAU ba, bai kuma nemi sani ba da farko. Ya kira mai saiti ya yi masa tambaya uku: wa ya ba da muryar, wa ya karɓa, da me aka yi alkawari. Da ya ji amsa, ya ce to amana ce aka ba ku, maganar inji daga baya.

Ya sa zama a gidansa bayan la'asar. Ya ce kowane yaro ya zo da babbansa. Yaron Sawaba ya zo da yayansa, mai waƙar siyasa da mahaifinsa, shugaban zaure da mai saiti suka zo da kwamfuta. Goggo na nan, da ƙanin mahaifin saurayin. Mai muryar tana daga ciki, tana jin komai.

Kawu bai fara da laifi ba. Ya ce wa mai saiti, "Ɗana, nuna mana yadda abin nan ke yi." Ya juya ga goggo ya ce, "Hajiya, faɗi duk abin da ya zo bakinki." Ta lissafa cefanen gida: tumatir, albasa, kifi, man ja. Mai saiti ya rubuta, ya ɗora a kan kari, rumbun ya rera. Aka yi dariya, amma goggo ta ce wannan ba ita ba ce, wannan muryar aljanu ce. Sai aka zo na biyun. Shugaban zaure, namiji mai kakkaurar murya, ya rera baiti ɗaya a makirufo a gaban kowa. Yaron Sawaba ya bi da shi ta samfurin. Abin da ya fito muryar yarinyar ce, alhali kowa ya san tana ɗaki bakinta a rufe.

Ƙanin mahaifin saurayin ya ce a sake. Aka sake, wannan karon shi ya zaɓi kalmomin. Ya yi salati, ya ce ya gani.

Bayan nan sauran ya zo da sauƙi. Yaron Sawaba ya ce, "Kawu, wallahi gyara na so in yi." Kawu ya ce ya yarda, amma ko gyaran ne sai da sallamar mai abu. Yaron ya goge samfurin da duk naɗar da ya tara a gaban yayansa, ya kuma kira waɗanda ya san sun sauke ɗaya bayan ɗaya, wayar a buɗe kowa na ji. Mahaifin mai waƙar siyasa ya ɗauki nauyin zuwa wurin masu motar. Kwana biyu bayan nan waƙar ta daina yawo. Ba takardar lauya ce ta tsayar da ita ba: ba mai neman ƙuri'a da zai so ɓata wa babban gida rai a unguwa ana saura makonni zaɓe.

An kawo kuɗin da aka biya don a ba ta. Kawu ya ƙi karɓa. Ya ce in ta karɓa ya zama ciniki, gobe wani zai ce ai ga farashin. Aka mayar wa waɗanda suka biya.

Mai waƙar Accra ba shi da babba a Kumasi. Ta hannun wani ɗan zauren a Nima aka same shi, ya sauke nasa bidiyon, ya ce sauran ba a hannunsa suke ba.

Kafin a tashi kawu ya sa aka rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa, aka karanta da ƙarfi, aka sa hannu. Ta raba haƙƙi uku. Murya ta mai ita ce: shi ke faɗin abin da za a rera da wanda ba za a rera ba, kuma yana iya janye rumbunsa ko yaushe ba sai ya kawo dalili ba. Saiti na wanda ya yi shi ne: ba a sauya shi a sake rabawa sai da izininsa, kuma sunansa ba ya fita. Waƙa ta wanda ya tsara ta ce, alhakin kalmominta a wuyansa. Aka ƙara cewa ba a horar da samfuri da muryar kowa sai da izini a rubuce, kuma saƙon murya da aka turo zaure hira ce, ba kayan aiki ba.

Bayan zaɓe zuwa azumin 2025: inda aka kwana

Ta janye rumbunta, mai saiti ya sauke shi daga inda ya ɗora. Gyararren nan na ɗan Kano yana hannunsa, ya bar zauren bai ce komai a kai ba. An mayar da yaron Sawaba, sauran biyun ba su nemi dawowa ba. Zauren ya ragu da kusan rabi.

Rigimar furuci ta mutu ta hanyar da tun farko take a buɗe: aka yi rumbu biyu. Mai saiti ya naɗi tasa muryar da Hausar Zango, wata 'yar zauren a Kano ta naɗi tata, ta rubuta sharuɗɗanta kafin ta buɗe baki. Yanzu har akan haɗa su a waƙa ɗaya.

An ɗaura auren kafin azumi. Mai muryar ta fita daga zauren, ba ta jan baki a maulidi kuma, kuma in ka tura mata saƙon murya da rubutu take amsawa. Waƙar soyayyar takan sake ɓullowa lokaci zuwa lokaci a wayar wani.

Hukunci

Kuskuren da ya haifi sauran ya faru ne tun daren farko, da aka karɓi sharaɗi da baki aka rubuta "kyauta" a takarda. Wannan ba ƙeta ba ce, sakaci ne na mutanen da suka saba da juna, amma fayil ba ya tsayawa a hannun waɗanda suka saba. Mai saiti ya tuna ya sa sunansa ya manta da sharuɗɗanta, kuma a ganina nauyinsa bai gaza na yaron Sawaba ba, ko da yake ba shi aka tsayar gaban manya ba.

Matakan zauren sun faɗi ne domin kowannensu yana amsa tambayar da ba ita ce matsalar yarinyar ba. Ƙuri'a ta amsa wa ya fi yawa, kora ta amsa wa za a hukunta, muhawarar ƙirƙirarriyar basira ta amsa wace manhaja ce ta halal. Ita kuwa matsalarta mutum biyar ne ko shida a gidaje biyu da ba su yarda murya na iya rabuwa da baki ba. Gwajin da aka yi a tsakar gidan kawu shi kaɗai ya taɓa wannan, kuma bai ɗauki rabin awa ba. Da an yi shi a makon farko, da hotunan da suka fallasa sunanta ba su fita ba.

Masu cewa fasahar ce ta jawo komai suna da rabin gaskiya. Yardar da ta ba da ta rumbun da ke ɓoye ta ce, samfurin kuma wani abu ne daban ko da daga sautuka ɗaya aka gina shi, don haka yana bukatar sabon izini. Amma liƙa mata sautin wani da aka yi tun farkon shekara, ba tare da an tambaye ta ba, ya riga ya nuna yadda zauren ke kallon muryar, tun kafin RVC ta shigo maganar.

Sulhun kansa yana da iyaka da bai kamata a rufe ido a kai ba. Ya yi aiki ne a kan waɗanda ke da uba ko yaya a unguwa, wanda za a iya aika wa. Na Accra da na Kano, waɗanda laifinsu bai fi ƙanƙanta ba, sun tafi ba abin da ya same su. Ya kuma yi aiki ne domin tana da kawu mai faɗa a ji. Yarinyar da ta zo Kumasi koyon sana'a, iyayenta suna Bawku ko Yendi, da wuya a tara mata irin wannan zaman, kuma takardar shafi ɗayan nan ba ta tanadi wanda zai tsaya mata ba.